Ɗaya Ga Watan Ɗaya

Wa ya aike ki? Ke nake tambaya, mai ɓoye waya a ƙarƙashin mayafi — wa ya ce ki tambaye ni watan da aka haife ni? Wai za ki duba min taurarona! Na haifi ubanki, na aurar da shi, na goya ku ɗaya bayan ɗaya ban san taurarona ba, sai yau da haƙorana suka zube? Ajiye ta nan inda nake ganinta. Ku ma sauran ku matso. Ban yi boko ba, amma abin da idona ya gani malaminku bai karanta shi ba. Wanda ya katse ni kuma zai ji a jikinsa.

Akwai wata yarinya, Auta kowa ke ce mata, don ita ce ta ƙarshe a ɗakinsu. Tela ce. Babanta ya fasa mata ƙofa a ɗakin da ke bakin titi, ta sa keke biyu, na ƙafa da na wuta, da teburin yanka, da wani dogon madubi mai tsaga a kusurwa. Hannunta na da kyau. In ta kafa miki wuyan riga, sai ki ce da shi aka haife ki.

Saura wata biyu aurenta. Wanda za ta aura mai gyaran firji da fanka ne, 'yan unguwa na ce masa Injiniya, rabi girmamawa rabi tsokana. Ba shi da yawan magana. In ya zo wurinta sai ya zauna a bencin shago, ita tana ta zuba yana murmushi, kafin ya tashi ya ɗaure mata ƙusar da ta saki a keke. Shi kaɗai Innarsa ta haifa, ubansa ya daɗe da rasuwa, su biyu suke zaune.

To, ita Auta tana da ciwon da ba a gani. Uwarta ta rasu shekara guda kafin nan, a gadon asibiti, a kan hannunta. Tun daga ranar zuciyarta ba ta zauna wuri ɗaya ba. Yau ka same ta tana dariya har da riƙe ciki, gobe ta kifa kai a kan keke tana kuka ba wanda ya taɓa ta. Ko warin maganin asibiti ta ji a jikin kwastoma, sai ta ajiye tef ta fita shan iska.

Bayan rasuwar, Gwaggonta, yayar Baba, ta dawo gidan da zama ita da 'yarta. 'Yar ba ta da gaisuwar safe sai "wa zai sammin data?" — har sunan ya bi ta, kowa Data yake kiranta. Kullum tana kan tarin yadika a shagon Auta, ƙafa ɗaya kan ɗaya, tana tono abubuwan duniya.

"Sista, zo ki ga wannan! Wani ne ya koya wa agwagwa raka shi kasuwa!"

"Ke, ina da ɗinkin mutane."

"Minti ɗaya! Ga kuma kifi mai fitila a goshi, wallahi a ƙasan teku yake. Ga wata tsohuwa 'yar casa'in tana tuƙa babur!"

Ba zan yi ƙarya ba, abubuwan nan sun ɗebe wa Auta kewa. A nan ta koyi ɓare tafarnuwa ta hanyar girgiza ta a kwalba. Da a nan aka tsaya, da ban zauna ina ɓata bakina ba.

Wata rana Data ta shigo ta same ta ido jawur.

"Yau ma? Tsaya, na samo miki magani. Wane wata aka haife ki, kuma nawa ga wata?"

Auta ta faɗa. Data ta daddanna, ta kwashe da dariya. "Ke rago ce!"

"Ke ce dai tunkiya."

"Serious nake! Burujinki ke nan. Saurari abin da taurari suka ce miki yau: Kina ɗauke da nauyin da ba wanda ya gani. Kina yi wa mutane dariya, zuciyarki na kuka. Wani da ya yi nisa yana tuna ki."

Almakashi ya faɗi daga hannun Auta. Ta karɓi wayar ta karanta da kanta, sau uku. Ku faɗa min, wane ne a duniyar nan ba ya ɗauke da nauyi? Ko jakin mai yashi aka karanta wa wannan, zai gyaɗa kai. Amma mai ciwo ba ya lissafi. Ita gani ta yi a karon farko an san abin da ke cikinta ba tare da ta buɗe baki ba.

Daga ranar, kafin ta wanke ido sai ta duba. In an ce yau ranar sa'a ce, ta yi ta waƙa a kan keke. In an ce ta yi hattara, ko sabon yadi ba ta sa wa almakashi. Ta san abin ba kyau — shi ya sa in ta ji takun Baba take tura wayar ƙarƙashin ƙyallaye. Amma ta ce wa kanta ai karatu ne kawai.

Ana nan Injiniya ya kawo mata katin shaidarsa, ya ce ta ba mai hoto na kusa da ita ya yi kwafi, mai gidan da za su kama haya ne ke nema. Data ta fizge katin.

"Ɗaya ga watan ɗaya... Innalillahi! Bunsuru ne!"

"Ki iya bakinki."

"Ba ni na faɗa ba, page ne. Rago da bunsuru? Sista, akwai problem. Ji nan: ba sa jituwa. Namijin wannan buruji zuciyarsa sanyi ƙalau, aikinsa ya fi masa matarsa, kuma gwanin ɓoye sirri ne."

Auta ta yi tsaki ta karɓe katin. Amma maganar ta riga ta shiga. Shirun nan nasa da a da take kira kunya, yanzu ta fara kiransa sanyin zuciya. In ya duƙa yana ɗaure mata ƙusa, sai ta ce a ranta: ka gani, ƙarfe ya fi masa ni.

Sai kuma ya fara wuyar gani. Sati guda, biyu, uku. In ta kira, ya ce yana zuwa, ya kashe. In ya zo, ido ya faɗa, yana duba agogo.

"Lafiya kuwa?"

"Lafiya lau. Aiki ne."

Ita kuma wayar kullum da abin da za ta ce. Wani na kusa da ke yana ɓoye miki abu. Ki buɗe idonki. Ta daina tambayarsa. Me za ta tambaya, tunda an riga an ba ta amsa?

Ranar da abin ya faru, da safe ta karanta: Yau wani zai zo miki da roƙo. Kada ki bari a yi amfani da tausayinki. Ki rufe ƙofarki.

Bayan la'asar ta ji ƙarar babur ɗinsa. Ta tashi ta tura ƙofa, ta murza makulli, ta saki labule. Data na ciki, ta toshe baki da hannu.

Ya ƙwanƙwasa. "Auta."

Ba ta buɗe ba.

"Auta, na san kina ciki, ga takalmanki nan. Don Allah ki buɗe. Alfarma na zo roƙo."

Data ta damƙi hannunta, ta raɗa mata, "Roƙo! Kin ji ko? Kin ji ko?"

Auta ta matsa kusa da ƙofar. Ta ce, "Faɗi daga nan."

"Ba maganar titi ba ce. Kuma ba irin wadda zan faɗa miki ta bayan ƙofa ba ce."

"To ka kai ta inda ka kwashe sati uku kana zuwa! Ni ba ni da lokaci."

Ya daɗe a tsaye. Tana ganin inuwar ƙafafunsa ta ƙasan ƙofa. Can ya ce, "To. Allah ya ba ki haƙuri." Babur ya tashi.

Kafin magariba Data ta kai wa uwarta labari, an ƙara masa gishiri. Gwaggo dama ba ta taɓa son auren ba. Kullum cewa take 'yar ƙaninta ta fi ƙarfin mai baƙin mai a farce. Ta ja Auta har gaban Baba.

Baba ya cire tabarau. "Gwaggonki ta ce kin kore shi. Me ya yi miki?"

A nan ne fa, yara, ku buɗe kunne. Da ta ce, "Baba, waya ce ta ce in rufe ƙofa," da faɗa zai yi mata, a wuce wurin. Amma kunya ta hana ta. Ta dubi tabarma ta ce:

"Yana da wata."

"Kin gani da idonki?"

"An... an tabbatar min."

Gwaggo ta tafa hannu. "Ban faɗa ba! Mutumin da ke shiga gidajen mutane da sunan gyaran firji, maza na kasuwa? Allah ya tona!"

Baba ya ce a yi shiru har ya nemi kawun yaron. Amma Gwaggo ba ta san shiru ba. Kafin kwana biyu maganar ta zaga layi uku. Magidanta suka fara cewa kada a sake barinsa ya shigo musu gida. Wani ma ya aika aka ɗauko fankarsa daga shagon, ba a gama gyara ba. Auta na ji, tana gani. Amma ta ce wa kanta ai ko ba wata ba ce, akwai dai abin da yake ɓoyewa.

Ran na uku kawun Injiniya ya zo, wani tsoho mai sanyin murya. Auta ta laɓe a bayan ƙofar falo.

"Na ji abin da ake faɗa," in ji shi. "Ban zo faɗa ba. Na zo in gaya muku inda yaron nan yake zuwa. Uwarsa ce jininta ya hau, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Sati uku yana jinyarta a gida, shi ne wanki, shi ne juya ta. Na ce ya sanar da ku, ya ce a'a, yarinyar nan ba ta gama warkewa daga na uwarta ba, kada a tayar mata. Shekaranjiya waccan jiki ya tsananta aka ba ta gado. Ɗakin mata ne, ba a barin namiji bayan lokacin ziyara. Ba mu da mace a kusa. Tawa ta rasu, kun sani. Shi ne ya zo ya roƙa ko za ku ba da Auta ta zauna da ita kwana ɗaya, kafin 'yar'uwarmu ta iso daga nesa."

Baba ya ce, "Sai aka yi yaya?"

"Sai ta zauna ita kaɗai. Ta so ta kewaya, ba ta son ta dami ma'aikata, ta sauko da kanta. Ta faɗi. Ƙugunta ya karye."

Auta ta zauna a ƙasa a bayan ƙofar. Data ta rarrafo kusa da ita, ita ma ido ya raina fata, amma bakin bai mutu ba.

"Sista... amma kin ga page ɗin bai yi ƙarya ba fa. Ya ce yana ɓoye abu, kuma—"

"Tashi ki ba ni wuri."

Ta faɗa ne kawai. Can cikin ranta ita ma igiyar da ta kama ke nan: ai an faɗa, ai rubutacce ne, ai halin burujinsa ne ya ja.

Baba ya taso daga falo. Ya leƙo ya ce, "Ɗauko mayafinki."

Tun daga bakin ƙofar asibiti warin ya doke ta. Ta tsaya cak. Baba bai waiwayo ba, dole ta bi shi. Ga dogon ɗaki, gadaje jere, fanka ɗaya na juyawa da ƙyar. A gado na ƙarshe kusa da taga Inna ke kwance, an ɗaure mata ƙafa da wani nauyi, baki ya karkace. Injiniya na zaune yana ba ta ruwa da cokali. Ya gaishe da Baba har ƙasa. Auta kuwa bai ko dubi inda take ba; ya ajiye kofin, suka fita da Baba.

Inna ta miƙo hannun hagu. Maganarta na fita a hankali, kamar ana jan ta.

"'Yata... ya jikin? Ya ce min... ba ki da lafiya."

Ashe abin da ya faɗa mata ke nan. Auta ta durƙusa ta riƙe hannun.

Damina ce lokacin. Suna haka hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, har feshi na shigowa ta taga. Auta ta tashi za ta rufe, Inna ta ce ta bari.

"Irin wannan ruwan aka yi... ranar da na haife shi. Ɗaki na yoyo. Kwano uku aka tara... a kan gadona."

Auta ta tsaya da hannu a kan taga. "Inna, ruwa kuma? Ba a watan ɗaya aka haife shi ba? Lokacin sanyi?"

Tsohuwa ta yi dariya da rabin bakinta. "Na katin? Wannan ai... malamin makaranta ne. Ranar da na kai shi aji ɗaya ya ce, yaushe aka haife shi? Na ce da damina, shekarar da katangarmu ta faɗi. Ya ce ba gurbin katanga a takarda. Ya rubuta ɗaya ga ɗaya. Duk 'yan ajin... su talatin da wani abu... rana ɗaya ya haife su."

Kun ji? Ba bunsuru ba ne. Bai taɓa zama bunsuru ba. Sanyin zuciya, son aiki, ɓoye sirri, duk abin da ta auna shi da shi wata guda cur, na wani ne can da ba ta sani ba — ko ma ba na kowa ba. A kan ranar da wani malami ya ƙaga don ya sallami layi ta rufe wa mutum ƙofa, uwarsa ta karye. Igiyar da take riƙe da ita ta tsinke. Babu tauraro, babu rubutu, ita ce kawai da hannunta da makulli.

Ta faɗi a gefen gadon, ta kama hannun Inna. "Inna, lafiyata ƙalau! Ina ciki ya zo, na ƙi buɗewa! Ni na ja miki wannan!" Ta kwashe komai ta faɗa, har ragon, har bunsurun, har ƙaryar da ta yi a gaban Baba.

 Inna ta zare hannunta a hankali.

"Ƙafata... Allah ya kawo. Na yafe. Amma sunan ɗana... ba nawa ba ne da zan yafe. Je ki."

Da yamma Baba ya tara su a falo: kawun Injiniya, Gwaggo, Data, da Injiniya a bakin ƙofa, kai a sunkuye. Auta ta maimaita da bakinta. Ba ta rage komai ba.

Gwaggo ta fara, "To ai yarinta ce, kuma shi ma da ya yi bayani—"

"Yaya," in ji Baba, "ina girmama ki, amma yau ki bar ni." Ya juya ga 'yarsa. "Duba kika koma yi a cikin gidana? Sanin gobe na Allah ne, wannan tsakaninki da Shi, ki nemi gafararSa. Amma ƙazafi hakkin mutum ne. Gida nawa maganar nan ta shiga?"



"Yaya, ke kika kai ta, kin san hanya. Gobe za ki sa yarinyar nan a gaba, gida-gida. Ta shiga ta ce, ni na ƙaga, ƙarya na yi. Ke kuma," ya nuna Data, "ki bi su, ki riƙe musu takalma."

Sannan ya dubi Injiniya. "Ɗana, magana na hannunka. Ko me ka ce, ba wanda zai ga laifinka."

Injiniya ya ɗago. A karon farko ya dube ta.

"Sati uku, Auta. Ko sau ɗaya da kin ce, rantse min ka faɗa min gaskiya, da na faɗa. Kin tambayi waya, ba ki tambaye ni ba." Ya juya ga Baba. "Ni ma na yi kuskure da na ɓoye. Amma Baba, a ɗaga auren. Ban ce na fasa ba. Ban dai san abin da ke raina ba yanzu."

Gida goma sha ɗaya suka shiga. Wasu suka ce Allah ya kyauta, wasu suka yi dariya a gabanta, wata ma ta kira 'ya'yanta su zo su ga mai auren bunsuru. Auta ta shanye. Gwaggo kuwa, daga gida na huɗu ta daina ɗaga kai.

'Yar'uwar da ake jira ta zo, ta yi sati ɗaya ta koma, tana da nata yaran. Auta ta roƙi Baba, ya amince. Ta rufe shago ta tare a gefen gadon nan. Warin da ke kora ta daga ɗaki, a cikinsa ta koyi cin abinci. Ita ce juyi, ita ce wanka, ita ce zubar da fo. Injiniya na zuwa lokacin ziyara, ya gaishe da uwarsa, ya ce wa Auta "sannu" kamar yadda ake ce wa ma'aikaciya, ya tafi. Ba ta yi ƙorafi ba. Ranakun kukan nan nata ba su daina zuwa ba. Sai dai yanzu in sun zo, Inna take faɗa wa, tsohuwa ta dafa mata kai da hannun hagu har ya wuce.

Abin da ya fi ba su wuya shi ne sa riga. Hannun da ya shanye ba ya ɗaguwa, ƙugu ba ya son motsi. Duk canjin kaya sai Inna ta yi hawaye. Wata rana Data ta zo, tana raɓe-raɓe a bakin ƙofa kamar kazar da aka jiƙa.

"Sista... na ga wani abu. Wallahi ba taurari ba ne, na goge wancan. Wata mata ce ke nuna yadda ake ɗinka wa masu irin wannan ciwon riga."

Auta ta harare ta, amma ta karɓa. Riga ce da ake tsaga ta daga kafaɗa har ƙasa ta ɓarin da ya shanye, a jera maɓallai masu mannewa. A shimfiɗa ta, a rufa, a manne, ba ɗaga hannu ba jan wuya. Ta kalla sau biyu, ta ce, "Kafaɗar tata ta yi faɗi, zai dinga zamewa." Ta je gida ta buɗe shago na yini ɗaya, ta ɗinka uku da gyaranta.

Ranar da aka fara sa wa Inna, ko uhum ba ta ce ba. Matar da ke jinyar uwarta a gado na kusa ta ce ita ma tana so. Injiniya ya shigo ya tarar ana ta juya rigar. Ya ɗauki ɗaya, ya buɗe maɓallan, ya mayar, ya sake buɗewa, irin yadda masu gyara ke yi wa abin da ya burge su.

"Wa ya yi wannan?"

Inna ta ce, "Wa kake da shi... mai keke?"

Ya ninke rigar ya ajiye. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa. "Kin ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya ne. Ga kwanonki can a rufe."

Ta sunkuyar da kai. "Ban ci ba."

"To ki daina min ƙarya, ko ƙarama ce. Ni ma na daina ɓoye miki, ko mai ɗaci ce. Kin yarda?"

Ta gyaɗa kai, hawaye na ɗiga a kan tayil.

Wata biyar aka ƙara a kan ranar da aka sa da farko. Aka ɗaura auren ba wani taro, Inna na zaune a kujera cikin riga mai maɓallai. Ta tashi daga baya, amma da sanda, kuma da sanda ta ƙare rayuwarta. Shekara tara Auta na jin ƙwas, ƙwas ɗin sandar nan a tsakar gidanta, kuma ba ranar da ta ji shi ba ta tuna makullin da ta murza ba. An yafe mata, ta samu mijinta, sun zauna lafiya har da 'ya'ya. Amma yafiya ba ta ɗora ƙashi.

Don haka ku ji da kyau. In zuciyarku ta yi nauyi, ku nemi mutum mai kunne ku faɗa masa, ku kai kukanku ga Allah. In kuna zargin wani, ga shi ga bakinsa, ku tambaye shi. Wanda ya rubuta abin nan na cikin waya bai san ku ba, bai san uwarku ba, kuma ranar da kuka rushe gidanku ba zai zo tayin kwashe ƙasa ba. Wayar ba ta murza makulli. Hannu ne ke murzawa. Kuma in kun yi kuskure, ku faɗe shi da ɗuminsa tun yana ƙarami, kada ku lulluɓe shi da ƙarya ya girma ya ci wanda bai ji ba bai gani ba.

Ke, share hawayen nan, ba ke aka karya ba. Kai kuma na ga hammar da kake ɓoyewa. Ku tashi! A kwashe kofunan nan, a rufe taga, kowa ya wanke ƙafa kafin ya hau min shimfiɗa. Na ƙirga uku in ga sauran mutum a tsakar ɗakin nan — ɗaya!